Baƙon Khalfan a Ƙololuwar Sama

Khalfan mutumin garin Nizwa ne, kuma a ɗakin kula da zirga-zirgar jirage gemunsa ya yi fari. Da tsufa ya kawo jiki, sai aka mayar da shi teburin kula da ƙololuwar sama, can inda jiragen fasinja ba sa kaiwa. Wurin babu matuƙi ko ɗaya, sai manyan balan-balan da jirage masu cin hasken rana, duk daga ƙasa ake juya su. Yana son teburin nan kamar ransa. Aibinsa ɗaya: tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ce wa baƙo ya tashi ba.

Ana nan sai balan-balan ɗin wani kamfanin Kuwait ta shigo sararinsa, ta share wuri ta zauna. Wata ya mutu, wani ya kama, tana nan daram.

Ran nan shugabarsa Moza ta tsaya a kansa. "Baba Khalfan, jirginmu na gwaji ta nan zai hau bayan la'asar. Ko ka kori abin nan, ko gobe ka koma gonar dabino."

"Haba 'yata, baƙo ne fa! Da wane bakin?"

Sai ya kira Jasim, mai juya balan-balan ɗin, fuska da fuska ta allo. Aka gaisa, aka tambayi iyali har da na maƙwabta.

"Wallahi Baba, samanku akwai daɗi," in ji Jasim.

"Ai gidanku ne," in ji Khalfan. Moza ta dafe kai.

Can sai tsohon ya laluba ƙarƙashin tebur, ya jawo kaskon turare, ya kunna gawayi, ya barbaɗa lubban. Ya ɗaga kaskon yana kaɗa hayaƙin wajen allon da hannu. To, a Kuwait ma, kamar a Nizwa, in mai gida ya fito wa baƙo da turare, zama ya ƙare ke nan.

Jasim ya miƙe zumbur, kunya ta kama shi. "Subhanallahi, mun daɗe! A yafe mu, Baba." Nan take balan-balan ta juya gabas.

Sai hayaƙin ya sa ƙararrawar gobara ta kece. Ma'aikata suka kwasa waje, wani ko takalmi babu. Moza ta dawo tana tari, idonta jawur, ta duba allo ta ga hanya fes.

"Teburin naka ne," ta ce. "Amma miƙo kaskon."