Yadda aka sa mahaifina tallan maganin da bai taɓa gani ba

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ina aiki ne a wani kamfanin man waken suya da ke Parakou, ni ce mai kula da talla da hulɗa da jama'a. Ban daɗe da gama karatu ba, na kama hayar ɗaki a unguwar Guéma, kuma ina cike da rawar kan wadda take ganin ita ta fara buɗe ido a gidansu. Gidanmu kuwa a Djougou yake. Kakanninmu fataken goro ne da suka yada zango a garin ba su ƙara gaba ba, mahaifina ma goron yake sayarwa tun kafin a haife ni. Dattijo ne mai kamewa, wanda in rigima ta tashi a unguwa zaurensa ake kawo ta. Ko a bikin 'ya'yansa ba ya yarda a ɗauke shi hoto.

Wata rana direktanmu ya tura ni wani horo, formasiyon kamar yadda muke cewa, na koyon ɗaukar bidiyo da wayar hannu, wanda aka shirya wa ma'aikatan talla irina. Malamin daga Kwatano ya zo, kuma gaskiya ya iya aikinsa. Ya koya mana riƙe waya da hannu biyu, da juya wa rana baya, da maƙala ɗan makirfo a wuyan riga, sannan ya koya mana montaj, wato yanka bidiyo da haɗa shi. Nan na ga yadda ake ɗauko maganar mutum daga farko a manna ta da ta ƙarshe ba tare da an gane ba. Abin ya burge ni ƙwarai. Da aka ba mu aikin gwaji, aka ce kowa ya ɗauko wani mai tsohuwar sana'a yana ba da labarinta, sai abokan karatuna suka hau zemijan, wato acaɓa, suka nufi kasuwar Arzèkè. Ni kuwa na ce sai na fi kowa, na shiga mota zuwa Djougou.

Baba ya ƙi da farko. Na yi ta magiya, na ce masa aikin makaranta ne, ba wanda zai gani sai malaminmu, har Inna ta sa baki. Daga ƙarshe ya sa farar rigarsa ya zauna a zaure da kwandon goro a gabansa. Da ya saki jiki sai ya manta da wayar, ya yi ta ba ni labarin hanyar Gwanja da yadda ake lulluɓe goro da ganye. Ya ɗaga ƙwaya ɗaya yana dariya, ya ce tun yana saurayi bai taɓa wuni bai sa shi a baki ba, shi ya sa har yau ƙarfinsa na nan, matasa ma ba sa ja da shi, in ana musu a tambayi iyalinsa. Tafiyar ƙasa yake nufi, don har lokacin ba ya hawan babur zuwa kasuwa. Maganar ta yi mini daɗi, har na sa shi ya maimaita yana kallon waya sosai.

Da muka koma aji, malamin ya ce kowa ya zuba duk abin da ya ɗauko, ba yankewa, a gurup ɗinmu na WhatsApp, don mu riƙa gwada montaj da kayan juna. Ban yi tunanin komai ba na zuba. Aikina ya zo na ɗaya, aka tafa mini, na karɓi takardar shaida ina jin kaina a sama.

Bayan wasu watanni Yaya ya kira ni ina ofis. Bai amsa gaisuwata ba, ya ce in duba abin da ya turo. Baba ne a zaurenmu da farar rigarsa, amma an yanke goron, an sa hoton wata kwalbar maganin ƙarfin maza da lambar waya a ƙasa. Muryarsa ce, dariyarsa ce, yana cewa bai taɓa wuni bai sa shi a baki ba, a tambayi iyalinsa. Kafin bidiyon ya iso gare ni ya gama zagaye Djougou, direbobi sun kai shi har Nijar da Najeriya. 'Yan zemijan suka mayar da maganar abin tsokana, in Baba ya zo wucewa sai wani ya ce wa ɗan'uwansa a tambayi iyalinsa, su fashe da dariya. Inna ta daina zuwa suna da biki. Ƙanwata da ke gidan miji ta sha habaici wajen dangin mijinta.

Na kira malamin ina kuka. Ya ce shi koyarwa aka biya shi ya yi, mutanen gurup suna da yawa, kuma abin da ya shiga intanet ba shi da mai shi. Da na matsa, sai na ga an cire ni daga gurup ɗin. Abokan karatun kowa ya rantse ba shi ba ne. Lambar da ke jikin tallan kuwa ta daina shiga. Direktanmu ya jajanta mini da baki, sannan ya ƙara da cewa ya ga yadda bidiyon ya bazu, me ya hana in riƙa yi wa man kamfaninmu irin wannan aiki. Na haɗa cikakken bidiyon na saki don a ga gaskiya, amma kaɗan ne suka tsaya kallon tsoho yana maganar goro.

Na je gida na durƙusa gaban Baba ina jiran faɗa. Da ma ya yi faɗan, da na fi samun sauƙi. Ya ce ya yafe mini, sannan ya ce, "Ni dai na ɗauka 'yata nake yi wa hira." Tun daga nan ya bar wa Yaya rumfar goro, ya koma yawan zama a gonar ƙaninsa da ke Sérou. In na kai masa ziyara yana amsa gaisuwata da fara'a, amma da zarar na taɓa jakata da wayata ke ciki, ko lokaci zan duba, sai ya yanke magana.

Har yau ina wannan aiki, kuma ban ce kowa ya guji koyonsa ba. Amma an koya mana haske da sauti da yanka, ba wanda ya ce mana uffan game da haƙƙin mutumin da ke gaban wayar. Wanda ya cuce mu yana nan yana yawonsa, wataƙila ma yana cikin waɗanda suka tafa mini. Ina kira ga 'yan'uwana masu wannan sana'a: kada ku zuba ɗanyen bidiyon kowa a inda ba ku da iko da shi, kada ku yi alkawarin da ba a hannunku yake ba. Duk wanda ya yarda ya zauna gaban wayarku, mutuncinsa ya damƙa muku, kuma in ya zube ba montaj ɗin da zai haɗa shi. Allah Ya rufa mana asiri.