Kaskon Toma Mai Walda

Duk Danja an san Toma mai walda da hali guda: ba ya yin tambayar da amsarta za ta ɓata masa rai. Tun yana koyon sana'a a Funtua haka yake. In ya gama ƙofa ba ya nuna wa maigidansa, sai ya kira mai shayi ya yaba masa. Furfura ta fito, halin yana nan daram.

Bana ya samo wani faifan ƙarfe wurin 'yan gwangwan, ɓamɓararre daga tanderun wata masana'anta da ta mutu. Fari tas, ba ɗigon tsatsa. Nan take ya yi wa maƙwabcinsa Malam Awaisu alkawarin kaskon dafa ruwan rake wanda jikoki za su gada. Awaisu kuwa gonar rake ɗaya gare shi, da mazarƙwailarta yake ciyar da gida shekara. Bawan Allah ya yarda, har ya rabu da tsohon kaskonsa.

Victoria 'yar Toma tana aiki a ɗakin gwajin ƙarafa a Zariya. Da ta zo hutu ta ga faifan, ta ce, "Baba, ƙarfe ƙwaya-ƙwaya ne a manne. Wanda ya daɗe yana shan wuta, mahaɗar ƙwayoyin ce ke lalacewa, waje kuma sai ƙyalli. Gwaji biyu ne: ko a danna a auna taurinsa, ko a dafa guntu cikin ruwan asid, a lanƙwasa a ga ko zai tsage. Na biyun ne ya dace da kai."

"Na biyun yana iya cewa a'a?"

"Ai don haka ake yin sa, Baba."

"To a yi na farko. Ni ba miya na ce a dafa mini ba."

Ta tafi da guntu, ta yi abin da uba ya ce. A waya ta faɗa masa ƙarfen yana da tauri, ta sake jan kunnensa cewa wannan gwaji bai nuna lafiyar mahaɗar ba, amma kalma ɗaya ta shiga kan Toma: tauri. Da ita ya zaga kasuwa yana hura hanci, wai Zariya ta sa masa hannu.

Toma ya haɗa kaskon ya miƙa. Awaisu ya sare rakensa kaf, aka matse na farko, aka cika kasko, aka hura wuta. Ruwan ya fara tafasa ke nan sai gindin kaskon ya tsage daga bakin walda. Ruwan rake ya kwarare cikin murhu, ƙauri ya turnuƙe unguwa. Ga sauran rake jibge a rana yana bushewa, ga shi kowa na kan aiki da nasa kaskon, babu na aro.

Toma ya ɓallo gefen tsagar, ya murza, ƙarfen ya marmashe a yatsunsa kamar busasshiyar mazarƙwaila. Ko kunya babu, ya dubi jama'a ya ce, "Amma dai Zariya sun ce yana da tauri."

Awaisu bai ɗaga murya ba. "Na ji, Malam Toma. Zo mu shiga gida ka faɗa wa matata Lauratu da yara."