Neman Tunkiyar da Za Ta Zauna a Minna

Muna idar da sallar asuba na rataya jaka na fito daga Kpakungu. A bakin ƙofa matata, Maman Sadiya, ta ce, "Malam, wannan karon in ba za ta rayu ba, kar ka kawo min." Damina biyu a jere tana rasa balaman da na saya mata, manyan fararen tumakin nan masu lanƙwasasshen hanci. Da ruwa ya zauna sai tari, sai ƙofato ya ruɓe. Har ta fara maganar barin kiwo, alhali da shi take yi wa yara hidimar makaranta.

A tasha na tarar da abokina Bulus, manomi daga Maitumbi. Shi ya sa ni wannan tafiya, don kullum yana min gorin gajerun tumakinsa da ko mura ba sa yi. "Kafinta," in ji shi, don da sana'ata yake kirana, "tunkiya naka dogo ne kawai, ba shi da ƙarfi. Mu je gidansu mu gani."

Wushishi

Da hantsi muka isa. Ciyawa shar, ƙasa a jiƙe. Tumakin da ke yawo a bakin kasuwa duk 'yan ƙasa ne: farare, matsakaita, da baƙi zagaye da ido kamar an zizara musu kwalli. Na sha ganinsu a Minna, ban taɓa tsayawa na dube su ba. Wata mai ƙosai da muka karya a wurinta ta ce nata a cikin ruwan sama suke kiwo, su dawo su kakkaɓe jiki, shi ke nan. Bulus ya harare ni. Na ce masa ba su na fito nema ba, uda nake so, mai tsayi da kwarjini.

Kwantagora zuwa Sakkwato

Muka bi ta Tegina a wata tsohuwar bas. Shingen jami'an tsaro ba iyaka. A ɗaya wani soja ya tambayi inda za mu, Bulus ya ce, "Kallon tumaki." Sojan ya leƙo ya dube mu da kyau, ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

A Kwantagora muka kwana, a shagon wani ɗan'uwan direbanmu, bayan tuwon dawa da miyar kuka. Washegari na zauna ta taga. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, bishiyoyi na raguwa, ƙafafun tumaki na ƙara tsawo. Bayan Yawuri na fara ganin masu dogon kunne jefi-jefi cikin 'yan ƙasa. Kafin mu wuce Jega sun rinjaye su. Na tambayi direba ko ya taɓa lura. Ya ce, "Alhaji, ni ramuka nake kallo."

Illela

Ranar kasuwa muka shiga, rana na dukan tsakar ka. Nan na ga uda a gidanta: gaba baƙi ko ja, baya fari fat, kamar an tsoma rabinta a tukunyar rini. Wani rago ya kawo min har ƙugu, ƙahonsa a murɗe ya baje gefe da gefe.

Na tsaya gaban wata tunkiya, na kasa gaba. Mai ita wani dattijo ne, Malam Jaɓɓi. Da ya ji daga inda muke, sai ya ce, "Yanka ko kiwo?"

"Kiwo, Baba."

"Garinku akwai ƙudan tsando?"

Na ce akwai, a bakin rafi. Ya kama ƙafarta ya ɗaga min ƙofaton, busasshe ƙarau. Ya ce wannan don rairayi aka yi shi, da tafiyar yini zuwa rijiya. Kunnen kuma, a faɗarsa, zafi yake fitar mata. "In ka nace zan sayar maka. Amma ni na karɓi haihuwarta, ba na son a kai ta inda za ta yi ta tari."

Sai Bulus ya ciro waya ya nuna masa hoton nasa tumakin. Dattijon ya kai fuska kusa. "Wannan ɗan akuya ne?"

"Rago ne, Baba! Ya haifi jikoki ma."

Nan da nan makiyaya suka yanyame mu, waya na yawo hannu zuwa hannu. Malam Jaɓɓi ya yi ta tambaya: me suke ci, tagwaye suke haifa, da gaske tsando na cizonsu su tashi? Ƙarshe ya ce, "Ikon Allah. A nan kuwa kafin ya kai rijiya an kwashe guga." Bulus bai ji daɗin wannan ba, amma bai musa ba.

Na daɗe ina shafa wuyan tunkiyar nan. Sannan na yi wa dattijon sallama, hannu rabbana.

Komowa

A hanyar dawowa muka sake ratsawa ta Wushishi, na sayi 'yan ƙasa biyu, ɗaya da ciki. Keke Napep ya sauke ni ƙofar gida ana yayyafin la'asar. Maman Sadiya ta fito ta dube su sama da ƙasa.

"Malam, har bakin iyaka ka je, ka dawo min da irin na maƙwabta?"

Na fara ba ta labarin dattijon Illela. Ban kai rabi ba mai cikin ta fizge igiya, ta nufi jiƙaƙƙiyar ciyawar gindin katanga ta hau ci, ruwa na sauka a bayanta. Maman Sadiya ta bi ta da kallo. Can ta ce, "Sadiya, ɗauko dusa."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Bulus abokin hanya, da Malam Jaɓɓi da ya hana ni ciniki.