Ranar da Sufurefe Ya Yi Barci a Bibliyotek

Kun dai san Kawu Iro ba ya buɗe bibliyotek, wato ɗakin karatun garinmu, sai ya zagaya ginin yana ƙwanƙwasa bango, kunne a manne, wai yana sauraron gara. In ka gaishe shi sai ya ɗaga maka hannu: "Dakata, ina ganawa da maƙiya."

Ginin nan tsohon sito ne na gyaɗa tun zamanin Turawa, na ƙasa, bangonsa kauri kamar ganuwa, tagoginsa can sama kusa da azara. Bayan samun 'yanci aka zuba littattafai aka damƙa wa Kawu makulli, shi kuwa ya ɗauka gadon ubansa ne.

Wanda ya makara da littafi ba ya biyan tara, kwanon laka zai ɗauko a yi yaɓe. Ni kaina, da gemuna, na ɗauka. Na ce, "Kawu, ni fa ɗan ƙanwarka ne." Ya ce, "Shi ya sa naka kwanon ya fi girma."

Sarkin fawa ma da ya zo duba jarida, sai da Kawu ya sa shi wanke hannu da toka. "Jarida ce, Sarki, ba takardar tsire ba."

To, sai ga labari daga hukuma a birnin Garwa: a rushe, a yi na siminti da kwano. Wallahi kwanakin nan Kawu ko tuwo ba ya ci. Sufurefe, babban jami'in gwamnati na yankinmu, ya zo da kansa ganin ginin, tsakar rana cikin bazara, gumi har ya jiƙa masa kwat. Kawu ya sa shi cire takalmi, ya kai shi ɗakin ciki, ya ajiye masa kujera da littafi. Sanyin bangon nan ya ratsa bawan Allah. Kafin ya juya shafi, sai minshari.

Direbansa ya matso zai tashe shi. Kawu ya tare ƙofa da sanda: "Silans! Ba a magana a bibliyotek."

Sai la'asar mutumin ya farka. Ya yi miƙa, ya dubi rufi, ya ce rabonsa da barci irin wannan tun yana gidan uwarsa. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙarƙashin kwano ma za ka samu?"

Maganar rushewa ta mutu nan take. Da damina ta wuce, sufurefe ya aiko fursunoni da laka mota guda, a yi wa ginin yaɓe.

Ginin yana nan. Jiya na ƙwanƙwasa bangon, sai hawaye. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa kabarinsa fiye da ɗakin nan na ciki.