Jinin Malam Buba a Cikin Ƙanƙara

Har gobe ban manta da ranar da ƙwarewata ta kashe jinin Malam Buba ba. Ku sababbin ɗauka, ku buɗe kunne.

Lokacin ina babban jami'in lafiya a wani asibiti a yankin Rano, bayan na shekara da shekaru a aikin rigakafi. Mu 'yan rigakafi abu ɗaya muka sani, sanyi. Maganin da ya sha zafi ya tashi aiki.

Malam Buba makiyayi ne daga Kahu. Ya zo a rame, saifa ta kumbura. Likita Rabi ta yi zargin sankarar jini, ta ce a kai jininsa Kano a duba kuromosom, wato zaren gado da ke cikin ƙwayar jini. In zare na tara da na ashirin da biyu sun yi musanyar guntu, akwai maganin da ke riƙe cutar, amma sai an gani za a fara ba shi.

Ta ce, "Malam Sule, ka san yadda ake kai shi?"

Na ce, "Haba likita! Ni ɗin?"

Na ɗauko akwatin rigakafi, na jera ƙanƙara sama da ƙasa, na cusa kwalbar a tsakiya. Malam Buba yana kallo yana ta sa min albarka.

A ɗakin gwaji wata ma'aikaciya ta ɗaga kwalbar, jini ya zama dutse. Ta ce, "Baba, wa ya daskarar da wannan?"

"Ni ne," na ce, har da gyara zaman hula.

Ta ce ai rainon ƙwayoyin ake yi da ransu, sai suna rabuwa ake ganin zaren. Ashe gawa na ɗauko tun daga Rano, ina ta lallaɓa ta.

Kafin in isa Kahu don ɗibar sabon jini, Malam Buba ya bi shanu kudu. Mako biyar muna cigiyarsa, da aka dawo da shi kuwa ko tsayuwa ba ya iyawa. Na faɗa masa gaskiya. Ya miƙo hannun da ba a ganin jijiya, ya ce, "Ai ni shaida ne, ka sha wahala da ƙanƙarar nan. Ɗiba kawai." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Gwaji ya nuna musanyar, aka fara magani, ya tashi, amma bai ƙara bin garke ba.

A aikin nan malalaci mai sauƙi ne, kowa yana ganinsa. Ku ji tsoron irina, mai himmar da ke kunyar cewa bai sani ba. A jikin majiyyaci abin ke ƙarewa, kuma har godiya majiyyacin zai yi masa.