Ƙarfen Gadon Asibiti

Ni mai walda ne a Buza, kuma duk wanda ya san ni ya san ba a gyara mini magana a cikin shagona. Ba abin alfahari ba ne, amma haka nake.

Ƙanena ya dawo daga Aljeriya a ƙarshen wata damina, ba da son ransa ba. Kama su aka yi, aka zube su a bakin iyaka, suka tako da ƙafa. Su nawa suka taso, su nawa suka iso, bai taɓa gaya mana ba. Sai ya wuni a kan bencin ƙofar shagona yana kallon hanya, namiji ɗan shekara ashirin da takwas, ko gaisuwa sai an ja shi. Bayan girbi samarin garinmu suka fara ɗaure jakunkunan tafiya ci-rani kamar kowace shekara. Innarmu ta kira ni ɗakinta ta ce:

"Ka riƙe mini shi har ruwa su sauka. In ya yi shuka ba shi tahiya. Wanga karo in ya tahi, jikina na ba ni ba ni ƙara ganinai."

Abin da ta taɓa roƙona ke nan a duniya. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, kamar wani abu ne mai sauƙi.

Na ba shi aiki, ƙofofi da tagogi. Yana yi ba musu, amma zuciyarsa ba ta wurin. Wata hantsi sai na ji ya yi dariya shi kaɗai, ya ƙura wa waya ido. Na leƙa. Wasu ƙananan akwatunan ƙarfe ne masu taya suke gwabzawa a cikin keji. Ɗaya ya zura wani faffaɗan harshe a ƙarƙashin ɗan'uwansa, ya cilla shi sama, ya faɗo a rigingine.

"Mi kake kallo haka?"

"Robo na, Yaya. Ana haɗa su hwaɗa awa zakaru. Ni ma ina iya ƙera irinai."

A can Aljeriya ya yi aiki da wani mai gyaran lantarki, ashe ya koyi abubuwa da yawa. Ni a raina wasan yara ne, amma tun dawowarsa ban ji ya ce yana iya wani abu ba sai ranar. Muka kuma ji daga bakin wani direba cewa wani malamin makarantar koyon sana'a a Madawa ya ƙera nasa tare da ɗalibansa, yana neman abokin karawa. Muka aika masa, aka sa rana, wata Asabar bayan mako shida.

Makonnin nan su ne mafi daɗi da na yi da shi. Muka haɗa gangar jikin da guntayen ƙarfen taga. Injinan da ke goge gilashin mota su suka juya tayoyin, batirin babur ya ba su wuta, abin sarrafawa kuma daga wata motar wasan yara ya ciro shi. Harshen, bakin tsohon shebur ne na daddaƙa ya miƙe. Ƙanena ya fara magana, ya fara cinye tuwonsa, har tsokanata yake yi wai waldata ta fi kama da kashin kaji. Inna ta daina bin sa da ido in ya fita.

Sai muka zo kan babbar magana: me zai ɗaga harshen? Dukan faɗan a nan yake. Muka gwada sifirin babur, yana harbawa da kyau amma sau ɗaya, sai an sa hannu an sake danne shi. Muka gwada injin gilashin mota, ko bulo bai ɗaga ba.

Ƙanena ya tafi Madawa wurin masu sayar da ruɓaɓɓun motoci, ya dawo da wani bututu mai sanda a ciki, wanda iska ke turawa ya buɗe ƙofar babbar motar fasinja. Ya zana mini a ƙasa da yatsa: a samo kwalbar kashe gobara wadda ta ƙare, a cika ta da iska wurin mai faci, a sa maƙulli tsakani. Da an danna, iskar ta fito gaba ɗaya, sandar ta harba.

A makon nan kuma wani abokina Kirista, mai gyaran injuna a asibitin mishan, ya ba ni kyautar wani ƙarfe da aka cire daga gadon majinyata da ya lalace. Da lantarki yake aiki, shi ke ɗaga kan gadon. Fari tas, ba tsatsa ko ɗigo. Na ɗora katako a kansa, na aza buhun gero, ni ma na hau, na haɗa wayar wuta. Ya ɗaga mu duka ko nishi bai yi ba. Daga nan na gama yanke shawara.

Maƙwabta na zaune suna shan shayi a ƙofar shago lokacin da ƙanena ya ce:

"Yaya, wanga na da ƙarhi, amma ba shi da sauri. Abin ga bugu guda shika so, ba ɗauka ba."

Gaban mutane ya faɗa, shi ya sa raina ya ɓaci.

"Kai, ina ƙira tun kana goye, yau kai ka koya mini? Iska ta za ta ɗaga ƙarhe? In kwalbar ga ta hwashe ga huskar ɗiyan mutane, wa za a kama?"

Maganar kwalbar akwai gaskiya a cikinta, amma ba tsoro ya sa na faɗe ta ba. Ina son nawa ya ci ne kawai. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya. Yadda kac ce." A wurinmu ƙane ba ya maimaita wa wansa magana sau biyu, ni ma na san haka, kuma da shi na fake. Da hannunsa ya ɗaura ƙarfen asibitin, ya yi aikin tsaf. Na ɗauka ya gamsu. Ko da ya daina tsokanata ban lura ba.

Ranar Asabar da safe aka zana da'ira da toka a filin makarantar, ɗalibai suka kewaye. Nasu robon wani guntun abu ne mai gangaren goshi, ba shi da makami sai ture. Ƙanena ke tuƙa namu, kuma wallahi ya iya. Kafin a ce me, ya zagaya ya cusa harshen a ƙarƙashin nasu, ya danna. Harshen ya fara tashi a hankali yana wani siririn kuka. Nasu ya ja da baya, ya sulale ya sauka abinsa. Ƙanena ya sake kama shi, haka. A karo na uku wani ɗalibi ya ɗaga murya ya ce, "Sai gobe in Allah ya kai mu!" Fili ya kece da dariya. Harshen ma bai gama sauka ba, cikin namu a buɗe, suka shiga ƙarƙashinsa suka tura shi waje.

Malamin mutumin kirki ne. Ya zo ya tsuguna yana duba aikinmu, ya yaba waldar, sannan ya dubi ƙanena.

"Tuƙinka ya hi namu nesa. Amma mi ya hana ku sa iska?"

Ƙanena ya kalli ƙasa ya ce, "Ni na zaɓi wanga, Malam. Kuskurena na."

Ina tsaye a gefensa. Na bar shi ya ɗauki laifin. A mota kan hanyar komawa Buza na samu bakin magana, amma abin da ya fito shi ne wai batirin ne ya yi sanyi. Ya ce, "Haka na, Yaya."

Ban ce faɗan robo ne ya kore shi ba. Mutum ba ya ratsa hamada saboda dariyar ɗalibai. Amma ya gwada zama a gida, ya kawo abu guda da ya fi ni sani, na nuna masa cewa a nan ko ya sani ba shi da ta cewa. Kwana tara bayan haka ya share shagon, ya jera kayan aiki, ya yi wa Inna sallama da safe ina can ina auna ƙofar wani. Ya kira sau ɗaya daga Agadas. Da Inna ya yi magana.

Na cire ƙarfen asibitin. Na samo kwalbar, na haɗa bututunsa yadda na tuna zanen, na yi ta kuskure har mako uku. Ranar gwaji na jera buhunan yashi a bayan shago, na aza wani tsohon ƙarfen birkin babbar mota a kan harshen, na jingine waya tana ɗauka, na danna. Ƙara ɗaya aka ji. Ƙarfen ya tashi ya wuce tsayin katanga, ya juya, ya faɗo ya nutse cikin ƙasa. Kajin maƙwabta suka watse. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ni da ko ranar rasuwar babanmu ban yi a gaban kowa ba.

Na tura masa bidiyon, na haɗa da murya: "Kai ad da gaskiya. Ka yahe mini, ka dawo mu koma Madawa." Saƙon ya tsaya da alama ɗaya, bai isa wayarsa ba. Ruwa ya sauka, na shuka gonarsa da tawa. Ya sake sauka bana, na sake shukawa. Waɗanda suka dawo daga can na bi su gida gida, ba wanda ya gan shi.

Inna ba ta taɓa cewa na kasa riƙe mata shi ba. Da ta faɗa da na ji sauƙi. Kowace safiya in na shiga gaishe ta, sai ta kalli aljihun da nake sa waya ta ce, "Ya gani?" Ni kuma in ce mata bai buɗe saƙon ba tukuna.