Ranar da 'Yata Ta Ɓuya a Gonar Rake

'Yata ba ta ji. Sanƙarau ne ya tafi da kunnuwanta tun tana tatata, maganar ma ta bi su. Shi ya sa da malamar ƙungiyar matasa ta shigo gidanmu a Dandamisa tana cewa kowane yaro suke so ranar Asabar, har guragu da kurame da 'ya'yan ruga, sai da gabana ya faɗi. Ban saba a zo neman 'yata ba.

Uwar mijina tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke 'yar nan, me za ku koya mata? Waƙa?"

Malamar ta yi dariya. "Inna, ai ba da kunne kaɗai ake koyo ba."

"To, Allah ya taimaka. Masu kunnen ma ban ga abin da kuka koya musu ba sai tsalle."

Na riƙa kai ta. Ba na komawa gida, jikin tagar aji nake tsayawa da goyona ina leƙe. Sun kyauta mata, ba zan ɓoye ba. A gaba suke zaunar da ita, in za a ɗauki hoto da waya ita ce a tsakiya. Amma komai da usur ake yi, a tashi usur, a zauna usur. Ita sai dai ta kalli ƙafafun yara ta bi.

Lokacin yankan rake aka kai su gona su ga yadda ake dafa mazarƙwaila. Da aka gama, rana ta take, yara suka roƙi a yi wasan ɓuya. Kafin in buɗe baki sun watse cikin raken da ba a yanka ba, wanda ya fi mutum tsawo. Can malama ta busa usur, suka fito suna ihu, ta fara jera su.

"Malama, ina tawa?"

Ta juya ta sake busawa da ƙarfi, ta kuma.

"Malama, wa kike busa wa?"

Sai ta saki usur ɗin, ta tsaya tana kallona.

A gida in muna wannan wasa, 'yata ba ta fitowa sai na je na taɓa kafaɗarta. Haka ta san shi. Ko wuni za ta yi ba za ta motsa ba. Ban taɓa gaya wa malama ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Na kwance goyo na miƙa mata. Wani dattijo cikin masu dafa mazarƙwaila ya ce, "Baiwar Allah, in kin shiga kada ki yi kira. Rana tsaka ce, ba mu kaɗai ne a gonar nan ba."

Ina shiga hayaniyar yara ta ɗauke kamar an rufe ƙofa. Ƙasa da sanyi, ganye yana yanka min hannu. Babu iska, amma saman raken yana motsi. 'Yar fari ce, ban taɓa kama sunanta ba don kunya. Sai kawai na ji bakina ya kira shi, ni da na san ba za ta ji ba.

"Na'am," aka ce.

Daga hagu, kusa da ni, muryar yarinya, a natse. 'Yata ba ta iya cewa na'am. Na nemi tsarin Allah, na yi dama, na duƙa ina bin ƙasa da ido har na ga sawun silifas ɗinta mai cinyayyen dunduniya.

Na same ta a tsugune tana murmushi. Da na taɓa ta sai ta ɓata fuska, ta yi min magana da hannu. Ta nuna kafaɗarta, ta nuna baya, ta buɗe tafin hannu: babu kowa. Ta shafa damtsenta: sanyi. Wai tun ɗazu ake taɓa ta ta baya, in ta waiga ba ta ganin mutum. Ta ɗauka yara ne ke tsokanarta, shi ya sa ta ƙi tashi.

A gida Inna ta sa aka karɓo mata rubutu, ta ce ƙungiya an gama. Ni ma haka nake so, wallahi. Malama ta zo cikin mako, ta durƙusa ta gaishe da Inna, sannan ta ce min, "Yaya, ki koya mana yadda ake kiranta."

Ranar Asabar yarinyar ta sa hijabinta da kanta, ta je zaure ta tsaya. Na yi mata alamar a'a, ta ƙi kallona. Ta daɗe a nan. Inna ta ja tsaki, ta ce, "Ki bi ta, kafin ta tafi ita kaɗai."

Malama ta tsayar da ni gaban aji. Na jawo 'yata kusa na nuna musu. Na ce duk mai kiranta ya zagayo ta gaba, sai ta ga fuskarsa sannan hannu ya sauka. Wata yarinya ta tambaya me ya sa ba ta baya ba.

"Haka nan," na ce. "Ta gaba kawai."